Agogon da Na Kafa wa Ummi

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a gidan gaisuwa, har a layin tantance 'yan fansho sai wata ta dafa ni ta ce, "Malama Bilki, yaya ƙasar take?" Na ba da amsa har bakina ya gaji. Hajiya Rabi, wadda muka yi shekara ashirin muna raba tebur ɗaya a ofishin malamai, ita ta ce in rubuta kawai in huta. To ga shi. Mai jiran labarin dogayen gine-gine ya yi haƙuri, ni ba su na je gani ba. Jarrabawa ce ta kai ni.

Ɗana Nasiru injiniya ne, yana zaune a Springfield, kusa da birnin Washington, shi da matarsa Zainab, ma'aikaciyar jinya. Babbar 'yarsu sunana ta ci, shi ya sa suke ce mata Ummi. Tana da sikila. Shekara biyu a jere sanyin ƙasar ya kwantar da ita, ta fi zama a asibiti a kan aji, har sa'o'inta suka gama sakandare suka bar ta. Sai aka mayar da ita wata makarantar gwamnati da aka ware don waɗanda karatu ya kuɓuce musu. Duk wannan Nasiru bai taɓa gaya mini ba. Kullum na tambaya sai ya ce, "Karatu na tafiya, Hajiya."

Zainab ce ta kira ni wata rana. Ta ce Ummi ta gama komai, saura jarrabawar lissafi guda ɗaya ta hukuma, wadda sai an ci ta ake ba ɗalibi takardar gamawa. Ta faɗi sau biyu. Zama ɗaya ya rage kafin bikin yaye ɗalibai, kuma yarinyar ta rantse in ta sake faɗuwa ta bar karatu ke nan, za ta nemi aikin kanti.

Lissafi fa. Shekara talatin da biyar ina koyar da shi a makarantar 'yan mata a Funtua, a ce takwarata ce zai kayar ina raye? Na ce wa Zainab ta gaya wa mijinta ya aiko tikiti. Dama biza na nan a fasfo, ya daɗe yana roƙona in je ina cewa ba zan bar awakina ba.

Jaka biyu na haɗa. Ɗaya kuka, kuɓewa, daddawa da kilishi. Ɗaya kuma littattafan tsofaffin tambayoyi, da agogona na tebur, irin mai wani da ƙararrawa biyu a ka. Duk wadda ta bi ta ajina ta san agogon nan. In na dangwarar da shi a kan tebur, har mai tari sai ta haɗiye tarinta.

Daga Funtua zuwa Abuja ba abin faɗa, sai ramuka da salati. Jirgin ne ya gwada ni. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, abincin da aka kawo kuwa kamar faten da aka manta ba a sa wa gishiri ba. Muka canza jirgi a wani birnin Turai, inda na tsaya gaban matakalar nan mai tafiya da kanta ina karanto duk addu'ar da na sani. Wata tsohuwar Baturiya da ta girme ni ta kama hannuna muka hau tare. Na ji kunya, amma na gode mata.

Da muka sauka Amurka aka ware ni gefe a wajen 'yan kwastan, don na faɗa musu da bakina ina ɗauke da abinci. Jami'in, wani saurayi mai ladabi, ya ce nama ba ya shiga ƙasar. Ina ji ina gani kilishina ya tafi. Ya shinshina daddawa, ya kau da kai, ya mayar. Da ya jawo jaka ta biyu sai na ga ya tsaya cak ya kasa kunne. Ashe agogon ne ke ta aikinsa a cikin zani, ƙas, ƙas, ƙas. Ya tambaye ni a hankali mene ne a ciki. Na ce agogo. Ya kira wani, wancan ma ya kira wata. Sai da aka warware zanin a gaban mutum uku, aka juya agogon gaba da baya. Matar ta tambaye ni me zan yi da shi, alhali kowace waya na da agogo. Na ce, "Yarinya zan koya wa sauri." Ta yi dariya ta buga mini hatimi a takarda.

Gidan Nasiru na katako ne, ko da yake in ka gan shi daga waje sai ka rantse bulo ne. Aka sauke ni a ɗakin ƙasa, wanda yake can cikin ƙasa sosai, tagarsa daidai da ciyawar waje. Duk wanda ya taka a sama sai na ji shi a tsakar kaina. Washegari na kunna turaren wuta don in kori warin baƙunta, sai wani abu a rufi ya fasa ihu kamar an yanka shi. Gaba ɗaya gidan suka sauko a guje. Daga ranar aka raba ni da garwashi. Miya kuma Zainab ta mako guda take yi ranar Lahadi, ta jera a firiza cikin robobi. Da farko na yi tsaki a zuci. Da na ga lokacin da take fita da lokacin da take dawowa, sai na kama bakina, na karɓi tuƙin tuwo.

Ummi ta fi yadda nake ganinta a waya tsawo, ta kuma fi rama. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayarwa, sai gaisuwa da ta iya har da durƙuso. Na ce, "Ke ce kika ci mini suna kika bar lissafi ya kayar da ke?" Ta yi murmushi ta ce da 'yar Hausarta, "Kaka, ke ce ba ki ba ni kanki ba, suna kawai kika ba ni." Na ce yarinyar nan da sauranta.

A makon farko muka je wani suna a Lanham, inda na ga 'yan Arewa birjik, likitoci da malaman jami'a, ana ta masa da miyar taushe kamar a Zariya. Kowa ɗansa na jami'a kaza. Wata ta tambayi Ummi wace jami'a take. Kafin ta buɗe baki Nasiru ya jawo maganar siyasar gida. Na ga yarinyar ta ajiye cokali, ba ta ƙara ɗauka ba har muka tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a mota na gaya masa. Na ce ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoyon da yake yi ne abin kunya. Ya ci gaba da tuƙinsa.

Na dage sai na ga makarantar da idona. Da yake duk suna aiki, aka haɗa ni da Malam Isufu, mutumin Maraɗi, direban haya ne da ke kai Ummi in jikinta bai yi daɗin jiran bas ba. Da ya ji irin maganganun da nake yi a hanya sai ya ce, "Hajiya, lakwal ɗin nan, wato makarantar, kada ki rena ta. Ɗiyata nan ta ƙare, yanzu tana karatun haɗa magani." Na ce Allah ya sa albarka, amma a raina na ce mu je mu gani.

Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Ba yunifom, ba layin safe, ba mai bulala a ƙofa. Aji ɗaya mutum goma sha biyu, kowa da kwamfutarsa, kowa da darasin da yake. Wani da kayan aikin gini a jikinsa, daga aiki ya zo. Wata ta ajiye jaririnta a ɗakin raino na makarantar, tana fita tana duba shi. Wani kuwa ƙato yana cin biskit a gaban malama, ko a jikinsa. Malamar lissafin, Mis Dawson, baƙar fata ce doguwa mai furfura, ba ta tsayawa gaban allo, sai dai ta ja kujera daga wannan zuwa wancan.

Na gabatar da kaina da Turancina na kwalejin horon malamai, sannan na yi tambayar da kowace uwa za ta yi. Na ce, "Ummi ta nawa take zuwa a aji?"

Ta ce ba sa jera su. Kowa da inda ya taso ake auna shi.

Na ce to ta yaya malalaci zai ji kunya? Mu a wurinmu ƙarshen zango a filin taro ake karanta sakamako, daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kuma shekaru da yawa ni ce mai karantawa. Ta dube ni ta ce, "Waɗannan duk an riga an karanta sunansu a ƙarshe a wani wuri. Shi ya kawo su nan." Maganar ta ɗan taɓa ni, amma na kaɗe ta. Na ce a raina lallashi ya yi yawa, shi ya sa yarinya ke faɗuwa.

Sai na kafa tawa makarantar a teburin cin abinci. Kullum bayan sallar asuba, tambaya arba'in, agogo a tsakiya. Dokata ɗaya ce, wadda na ɗora dubban 'yan mata a kai: kada ki tsaya kokawa da tambaya mai wuya. Minti biyu, in ba ta buɗe ba ki tsallake, ki kwashe masu sauƙi, in lokaci ya rage ki dawo.

Ummi ta ce, "Kaka, a kwamfuta ba a tsallakewa, kuma ba a komawa baya."

Na ce, "To ki zaɓi ɗaya ki wuce. Lokaci ba ya jiran kowa."

Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu. Na ɗaga mata hannu. A ajina ɗaliba ba ta gyara wa malama tsari.

Mako biyar muka yi a haka. Kuma wallahi yarinyar na da kai. Abin da ya wuce ta lokacin jinya ne ya bar mata ramuka, muna cikewa tana hawa. Ta kai tana gama arba'in kafin ƙararrawa ta buga. Na fara takawa a gidan nan kamar ni na gina shi.

Saura mako uku jarrabawa, makarantar ta yi musu gwaji irin na ranar. Ummi ta dawo da wuri tana tsalle. Ta ce ita ta fara fita. Ta ce na farkon sun yi wuya, ta yi yadda na ce, daga nan sai tambayoyin suka yi ta sauƙi, na ƙarshen ma ko ɗan firamare zai amsa. Na ce ai dama. A ranar na soya mata masa, har na kira Hajiya Rabi na yi mata burga.

Bayan kwana biyu Mis Dawson ta aiko tana son ganina. Na tafi da shirin karɓar godiya. Ta juyo mini da kwamfuta. Makin Ummi ya yi ƙasa da na faɗuwarta ta biyu.

Na ce injin ya yi kuskure. Ta ce a'a, ta ja kujera ta zauna kusa da ni yadda take yi wa ɗalibanta. Ta ce wannan jarrabawar ba takarda ɗaya ake raba wa kowa ba. Injin yana bin ɗalibi ne. In ya amsa daidai, sai ya miƙo masa wadda ta fi wuya. In ya kuskure, sai ya sauko masa. Kamar mai ɗora wa jaki kaya ne, in ya ga yana ɗauka ya ƙara, in ya ga ya durƙusa ya rage, a ƙarshe nauyin da ya tsaya a kai shi ne makinsa. Duk tambayar da Ummi ta yi wa cinke ta wuce, injin ya ɗauka ba ta iya ba, ya yi ta sauko da ita har ƙasa.

"Wadda ta fito tana cewa da sauƙi, ita nake jin tsoro wa," in ji ta. Sannan ta tambaye ni abin da ya sa Ummi take sauri haka, alhali da can ba ta yi. Ta ce jarrabawar ba ta da ƙayyadadden lokaci. In ɗalibi ya ga dama ya wuni.

Ban san sanda na zame mayafina ya rufe mini fuska ba. Shekara talatin da biyar ban taɓa jin jarrabawar da ba a cewa a ajiye biro ba. Na ƙetare teku da agogo a jaka, na sha tambayar mutum uku a kansa, don in koya wa jikata abin da zai kayar da ita. Kuma ta so ta gaya mini, na ɗaga mata hannu.

A mota Malam Isufu ya ga yanayina. Sai da muka kusa gida ya ce, "Hajiya, ni ma da na zo ƙasar ga, shekara ashirin ina tuƙi, amma sai da na faɗi jarrabawar tuƙinsu. Na koma na koya." Na ce na ji.

Na tarar da Ummi a ɗakinta, ta riga ta ga sakamakon. Ba ta kuka. Takardar neman aikin kanti take cikewa a waya. Ta ce ba za ta shiga ta ukun ba, gara ta bari da kanta da a sake gaya mata ba ta iya ba.

Ni ban saba ba yaro haƙuri ba, kowa ya sani. Ko 'ya'yan da na haifa ba su taɓa ji daga bakina ba. Na zauna a bakin gadonta na ce, "Ummi, ba ke kika faɗi wannan ba, ni ce. Kin gaya mini gaskiya na ƙi ji. Ki yafe mini." Ta ɗago ta dube ni kamar na yi wani yare. Na ce ta ba ni mako ukun nan. In ta shiga ta faɗi, ni da kaina zan raka ta kantin. Amma ba za ta bar karatu a kan kuskuren tsohuwa ba.

Ta ajiye wayar. Sannan ta ce, "Ban da agogo."

Na ce ban da agogo. Na naɗe shi a zaninsa na tura ƙasan jaka, na bar shi ya mutu don kansa.

Sai muka juya tsarin. Da tambaya arba'in muke yi, yanzu biyar. Wata rana uku. Akwai safiyar da muka yi kusan awa guda a kan tambaya ɗaya, tana gogewa tana sakewa, ni kuwa hannuna na ƙaiƙayi, bakina na son cewa wuce. Sai in tashi in dama koko don kada in yi magana. Abin ya fi mini wuya a kanta. Na kuma roƙi Mis Dawson ta bar ni ina zama a bayan aji, ta nemo mini izini. Na ga yadda take yi. In ɗalibi ya ce ya kasa, ba ta ba shi amsa, ba ta kuma tsawa. Sai ta ce ya nuna mata inda ya tsaya. Ƙaton nan mai biskit, ashe dare yake kwana yana aiki a gidan burodi, biskit ɗin ne karin kumallonsa. Na daina hararar sa.

Ina zaune a bayan ajin nan na riƙa tuno 'yan matan da na karanta sunansu a ƙarshe. Akwai wata Ladi, ba ta taɓa gama takarda ba, amma duk tambayar da ta amsa daidai ce. Na sha ce mata kunkuru. Ban san inda take ba yanzu, kuma abin yana damuna.

Ranar jarrabawa Nasiru ya ɗauki hutu ba wanda ya sa shi, shi ya kai mu. Zainab ta cika wa Ummi gora biyu da ruwa, ta sa mata rigar sanyi don ɗakin da sanyin na'ura, kada ciwo ya tashi. A ƙofa na riƙe hannunta na yi mata addu'a, na ce, "In ta yi wuya, ki zauna mata."

Muka zauna a benci a baranda, ni da ubanta. Bayan awa biyu aka fara fitowa. Mai jariri ta fito. Mai kayan gini ya fito. Azahar ta yi, muka yi salla a wani lungu da aka nuna mana. Mai biskit ya fito, ya ɗaga mini hannu. Nasiru ya tashi ya zauna ya fi sau goma, yana cewa ko jikinta ne. Na ce ya zauna, in jikinta ne da an kira mu.

Sai wajen la'asar ƙofar ta buɗe. Ita ce ta ƙarshe. Leɓenta ya bushe, idonta ya yi ja, tana ganinmu ta fashe da kuka. Ta ce, "Kaka, ta yi wuya. Kullum ƙara wuya take yi. Na ƙarshen ko ganin irinsu ban taɓa yi ba."

Nasiru ya dafe kai ya ce innalillahi. Ni kuwa na miƙe tsaye a barandar makarantar Turawa, na kama hanci na rangaɗa guɗa. Mai gadi ya leƙo. Mis Dawson ta fito daga aji, ta ji abin da Ummi ke cewa, ta rufe baki tana dariya. Ummi ta tsaya da kukan tana dubanmu, can ita ma ta tuna, sai kuka ya haɗu da dariya. Uban ne kaɗai ya tsaya yana raba ido, sai da aka yi masa bayani.

Sakamako ya fito bayan 'yan kwanaki. Ta ci. Ba da rata mai yawa ba, amma ta ci. Ranar bikin yaye ɗalibai, Nasiru da kansa ya gayyato mutanen Lanham ɗin nan, ya kuma faɗi sunan makarantar da bakinsa, a gaban kowa.

Sauran abin da kuke tambaya, e, an kai ni na ga fadar shugaban ƙasarsu ta bayan shinge, ba ta kai yadda nake zato girma ba. Littattafan tambayoyin na baro su a ɗakin ƙasa. Agogon kuwa Ummi ta hana ni tahowa da shi. Yana kan teburin karatunta, ta ce kada kowa ya yi masa wani.

Ni dai yanzu cigiya nake. Duk wadda ta san inda Ladi take, wadda ta yi ajina tana zama layin taga, don Allah ta gaya mata Malama Bilki na nemanta. Akwai maganar da na koyo a Amurka da nake so in gaya mata.